Wane bakin teku ya fi kyau a Saifurus, kuma wanne ya dace da iyalin da ba su iya ruwa ba?

"Assalamu alaikum. 'Yata za ta kammala jami'a a Famagusta da ke tsibirin Saifurus a ƙarshen watan Yuni in Allah ya kai mu, kuma za mu je bikin ni da mahaifinta da ƙannenta biyu, ɗaya shekara 9, ɗaya 14. Mako guda za mu yi. Yaran sun cika ni da hotunan bakin teku daga intanet, kowanne suka gani sai su ce shi ya fi. Babu wanda ya iya iyo a cikinmu sai ita, kuma ba na son inda za mu je in rasa inda zan sa idona. Don Allah wane bakin teku ne ya fi kyau a tsibirin, kuma wanne ya dace da mu?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya wa karatun albarka, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

In na fahimce ki, abu biyu kike nema: wurin da ya fi burge ido, da wurin da iyalin da ba su iya ruwa ba za su shiga hankali kwance ba tare da an keta musu kunya ba. A Saifurus ba kasafai waɗannan biyun ke haɗuwa a wuri ɗaya ba. Akwai kuma na uku da ba ki tambaya ba, amma shi zai fara yanke hukunci: wane ɓangare na tsibirin takardunku za su bari ku taka. Na yi karatu a can, daga baya na yi aikin raka baƙi, yawancinsu iyaye irinku da suka zo ganin 'ya'yansu, saboda haka abin da na gani zan gaya miki.

In kyau ake magana, a wurina babu kamar Golden Beach da ke can ƙuryar yankin Karpaz. In kuwa wankan yara ake magana, Glapsides da gaɓar Salamis ne, kuma suna bakin ƙofar garin da 'yarki take. Ga dalilaina.

Tsibiri ɗaya, hukuma biyu

Saifurus ita ce ta uku a girma cikin tsibiran Bahar Rum, bayan Sisili da Sardiniya. Ta samu 'yancin kai daga Birtaniya a 1960, kuma a rabe take tun 1974, lokacin da aka yi juyin mulkin da gwamnatin sojan Girka ta ɗaure wa gindi, Turkiyya kuma ta shigo da sojojinta. Kudu ita ce Jamhuriyar Saifurus da duniya ta sani, ta shiga Tarayyar Turai a 2004, kuɗinta yuro. Arewa ta ayyana kanta ƙasa a 1983, Turkiyya kaɗai ta amince da ita, kuɗinta lirar Turkiyya. Tsakaninsu akwai zirin ƙasa da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ke gadi, ya ratsa har ta tsakiyar babban birnin, Nikosiya.

Famagusta, wadda za ki ga an rubuta Gazimağusa a allunan hanya, a arewa take. Jirginku zai bi ta Turkiyya ya sauka a filin Ercan. Hukumar kudu ba ta ɗauki wannan filin a matsayin halastacciyar ƙofar shiga ba, kuma bizar arewa ba ta aiki a kudu. An buɗe mashigai tsakanin ɓangarorin tun 2003, amma mai fasfon Najeriya da ya sauka a Ercan kada ya sa rai zai tsallaka ya wuni ya dawo yadda Turawa ke yi. Abin da ya sa na fara da wannan shi ne hotunan da yaran ke nuna miki. Duk wanda ya nemi bakin tekun Saifurus a intanet, Nissi da Fig Tree Bay da Konnos ne za su fara fito masa, kuma dukansu a kudu suke. Kusa suke da Famagusta ƙwarai, amma iyaka ta shiga tsakani. Gara a gaya wa yaran tun daga gida, da a bari sai sun isa ransu ya ɓaci. Kuma ba wata babbar asara ba ce, domin gaɓar gabas ɗin ce dai ta miƙo ta wuce Famagusta ta yi arewa, ruwan ɗaya ne, rairayin ma bai bambanta sosai ba.

Abin da ke sa wani wuri ya fi wani

Wanda ya san abu uku zai iya zaɓen bakin teku da kansa ko babu ɗan rakiya: ruwa, rairayi, da iska.

Ruwan gabashin Bahar Rum garai-garai yake saboda ƙananan halittun da ke sa teku ya yi kore ba su da yawa a cikinsa, kuma tsibirin ba shi da manyan kogunan da ke kwaso laka su zuba duk shekara. Ruwan sama a can da sanyi yake zuwa, daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Daga Yuni zuwa Satumba da wuya a ga ɗigo, rafuka sun ƙafe. Shi ya sa mutum zai tsaya ruwa ya kai masa ƙirji yana ganin yatsun ƙafarsa. Wannan shuɗi mai haske da ake gani a hoto kuwa ba ya fitowa sai inda ruwa ba shi da zurfi kuma farin rairayi ne a ƙasa, hasken rana ya sauka ya dawo.

Launin rairayi daga duwatsun da ke bayan gaɓar yake. Tsaunukan Troodos da ke tsakiyar tsibirin baƙaƙen duwatsu ne, don haka rairayin Limasol da Larnaka toka-toka yake. Baƙi sukan zaci datti ne, alhali tsaf yake. A gabas da Karpaz farin dutse ne da ɓawon halittun teku suka niƙe, shi ya sa rairayin fari ne ko ruwan zinariya.

Iska ce ta fi muhimmanci ga wanda bai iya iyo ba. Da bazara yawanci daga yamma take kaɗawa, kuma bayan azahar take ƙarfi. Gaɓar yamma da ta arewa su ke shan igiyar ruwa, ta gabas kuwa ƙasa ta kare ta. Wurin da kika samu a kwance da hantsi zai iya zama wani abu daban da la'asar. Tumbatsa da janyewar teku a nan kaɗan ce, ba za ki ajiye kaya ki juya ki tarar ruwa ya cinye wurin ba.

Ƙarshen Yuni lokaci ne mai kyau. Ɗumin ruwan yakan kai digiri 24 zuwa 25, bai kai 27 ko 28 na watan Agusta ba amma babu mai jin sanyi, kuma cunkoson tsakiyar Yuli bai fara ba.

Gaɓar Famagusta

Glapsides 'yan kilomitoci ne arewa da gari, a kan hanyar Salamis, tasi ko ƙananan bas ɗin da ake kira dolmush za su kai ku cikin mintuna. Abin da ya sa nake kai iyalai can shi ne ƙasan ruwan a shimfiɗe yake, rairayi ne zalla, kuma babban mutum zai yi tafiya mai nisa ruwa bai wuce ƙugunsa ba. Mai shekara 9 zai samu fili ya yi wasa kina tsaye kusa da shi. Aibinsa ɗaya: wurin ɗalibai ne. Da yamma da ranakun ƙarshen mako akwai kiɗa, akwai masu shan giya, akwai shigar da ba za ki so ba. Maganin wannan lokaci ne. Ku fita bayan sallar asuba ku bar wurin kafin ƙarfe goma. Gaɓar gabas take kallo, rana daga cikin teku za ta fito muku, iska ba ta tashi ba, kuma ba za ku tarar da kowa ba sai tsofaffin gari masu iyon safe da masu motsa jiki.

Gaba kaɗan akwai Silver Beach, sannan gaɓar da ke gaban kufan Salamis. Salamis tsohon birni ne da ya daɗe yana cikin mafiya girma a tsibirin. Girgizar ƙasa ta rusa shi a ƙarni na 4, aka sake gina shi, daga baya mutane suka watse bayan hare-haren ƙarni na 7. Har yau ginshiƙan marmara suna tsaye, da dandalin wasan kwaikwayo na zamanin Rumawa, da wuraren wankansu. Ana biyan kuɗin shiga kufan. Ina son wurin ga mai shekara 14, domin zai yi yawo cikin tarihi na awa guda ya gangaro ya faɗa ruwa. Sai dai a wasu sassan akwai shimfiɗaɗɗen dutse mai santsi a bakin ruwan, don haka a sa takalmin roba.

Long Beach da ke Iskele, arewa da nan, doguwar gaɓa ce mai hanyar tafiya a ƙasa da wuraren wasan yara da shagunan abinci. Akwai sauƙi, amma dogayen benaye sun taso a bayanta, kuma ni ba na kiranta kyakkyawa. In kun gaji kuna son inda komai yake kusa, ta isa.

Akwai wurin da za a ce lalle ku je, wato Varosha, Maraş a bakin Turkawa. Kafin 1974 nan ne unguwar yawon buɗe ido da ta fi kowace suna a tsibirin, otal-otal jere a bakin rairayi mai taushi. Mazaunanta, waɗanda Girkawan Saifurus ne, suka gudu a watan Agustan shekarar, soja ya kewaye ta da waya, ta zauna a rufe har watan Oktoba na 2020 da aka buɗe wani sashe, matakin da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya soki. Ana shiga a ƙafa ko a hayi keke, ba a shiga gine-ginen. Rairayin yana da kyau matuƙa, amma ni ba na kai mutane su yi wanka a can. Gidajen da ke bayanki na mutane ne, wasunsu suna raye a kudu, suna hango su daga nesa. Ku je ku gani, yaran su ji labarin, ku tafi wani wuri ku yi wasa.

In Juma'a ta same ku a gari, ku yi salla a masallacin Lala Mustafa Pasha. Tsohon babban coci ne na ƙarni na 14 da aka mayar masallaci bayan Daular Usmaniyya ta ci birnin a 1571. A ƙofarsa akwai wani ƙaton ɓaure, irin namu na Afirka, da ake cewa sa'an ginin ne.

Karpaz

In kika dubi taswira za ki ga wani dogon zirin ƙasa ya fita daga tsibirin ya nufi arewa maso gabas, wajen Siriya. Shi ne Karpaz. Daga Famagusta zuwa Golden Beach tafiyar kimanin awa biyu ce a mota, kuma babu bas ɗin da za ku dogara da shi, sai motar haya ko direban da za ku yi jinga da shi ta wuni. A hagu ake tuƙi, gadon mulkin Birtaniya. In Alhaji bai taɓa tuƙi a hagu ba, ku ɗauki direba. Hanyar ƙarshe siririya ce mai kwana-kwana, ba wurin koyo ba ce.

Hanyar ta bi ta Iskele da Boğaz, inda masunta ke sauke kifi, ta ratsa gonakin alkama da zaitun ta isa Dipkarpaz, ƙauye na ƙarshe. A tsakiyarsa masallaci da coci suna kallon juna, domin wasu Girkawan Saifurus ba su tashi ba bayan 1974, suna nan har yau. Ku cika tanki kafin ku wuce nan, ku sayi ruwan sha da yawa, ku riƙe tsabar kuɗi a hannu. Bayan ƙauyen za ku fara haɗuwa da jakunan daji, jikokin waɗanda manoma suka saki. Sun saba da mutane har sukan tare hanya su zura kai ta taga suna neman karas. Yara suna murna da su ƙwarai, amma a miƙa musu abinci a tafin hannu buɗe, kuma kada yaro ya zagaya bayansu.

Kafin a gangara akwai tudun da ake fara hango Golden Beach, wanda Turkawa ke kira Altınkum. Ku tsaya a nan. Rairayi ne mai ruwan zinariya ya miƙe kilomitoci, bayansa jigayi manya-manya irin waɗanda ake gani a Yusufari ta jihar Yobe, sai dai waɗannan a cikin teku suke ƙarewa. Ruwan bakin gaɓa kore ne mai haske, yana ƙara shuɗi yana duhu har inda ido ya tsaya. Babu otal, babu bene, babu jerin lema. Abin da ya sa na fifita shi a kan wuraren kudu da suka fi shi suna ke nan. Nissi ma tana da farin rairayi da ruwa mai haske, amma idonki ba zai huta daga gadajen haya da kawunan mutane ba. A nan girman wurin da kansa ake gani. Dalilin da ya sa ya tsira kuwa biyu ne: nisa da rashin hanya sun daɗe suna hana masu gini zuwa, kuma yankin yana cikin wuraren da aka keɓe don kare muhalli, saboda kunkurun teku na ƙwai a cikin rairayin.

Nan ne kuma amsar maganar kunya take. Mutanen da ke zuwa ba su da yawa, kuma kusa da inda suka ajiye mota suke taruwa. Ku yi tafiyar minti goma a bakin ruwa, za ku samu wurin da babu kowa sai ku. Na ga iyayen da suka ƙi taɓa ruwa duk tsawon zamansu sun shiga a nan da 'ya'yansu mata suna dariya, sun yi alwala da ruwan tekun, sun shimfiɗa darduma a kan rairayi.

Amma abin da ya ba shi kyau shi ne kuma haɗarinsa. Babu mai ceto, babu inuwa, asibiti yana da nisa, kuma waya takan rasa sabis. Ƙasan ruwan ba ko'ina yake a shimfiɗe ba. Akwai inda rairayi ya yi tudu, taku biyu gaba ya yi rami. Ga wanda bai iya iyo ba, iyakarsa gwiwa, ko cinya in ruwan a kwance yake. In kun tarar igiya na fasawa da ƙarfi, ranar ta kallo ce kawai. Da tsakar rana rairayin yana ƙona tafin ƙafa, kuma daga mota zuwa ruwa sai an taka shi. Ku zo da lemarku, ku kafa ta can ƙasa kusa da ruwa inda rairayi ke da danshi, domin a busasshen sashe na sama ne ƙwan kunkuru yake binne. Inda kuka ga ƙaramin keji na waya a ƙasa, gida ne aka yi wa alama, a kauce masa.

'Yan kilomitoci gaba akwai tsohon gidan ibadar Kirista na Apostolos Andreas a kan dutse bakin teku, wanda masana daga ɓangarorin biyu suka haɗu suka gyara, sannan hanyar ƙasa ta kai har tsinin tsibirin. Shawarata ku kwana ɗaya a ƙananan masaukan Dipkarpaz. Za ku samu Golden Beach da la'asar sakaliya da kuma sassafe, lokutan da ya fi kyau, ku leƙa gaɓar Ayios Philon da ke arewa da ƙauyen lokacin faɗuwar rana, kuma ba za ku yi tuƙin dare a hanyar da babu fitila ga jakuna a kai ba.

Girne da kunkurun Alagadi

Girne, wadda Girkawa ke kira Kyrenia, ta fi ko'ina kyau a matsayin gari: tsohuwar tashar jiragen ruwa, ganuwa mai ɗauke da ragowar wani jirgin ruwa da ya nutse fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ga tsaunuka a baya. Amma gaɓarta duwatsu ce, kuma ƙananan lungunan rairayin da ke akwai yawancinsu a hannun otal-otal da kulob suke, a biya a ƙofa, kiɗa na tashi, manyan otal ɗin kuma da gidajen caca. Ku je don gari, ba don wanka ba.

Abin da ya cancanci tafiyar shi ne Alagadi, gabas da garin. Kunkurun teku iri biyu ne ke ƙwai a nan, ciki har da koren kunkuru, wanda a duk Bahar Rum gaɓar Saifurus da ta Turkiyya ce manyan wuraren ƙwansa. Tun farkon shekarun 1990 masu bincike da 'yan sa kai suke sa ido a wurin. Uwayen suna fitowa da dare daga ƙarshen Mayu zuwa Agusta, su haƙa rami da ƙafafun baya su zuba ƙwai su rufe su koma. Bayan kimanin mako bakwai 'ya'yan su fito su nufi hasken da ke kan ruwa. Fitilar mota ko ta waya tana ɓatar da su su nufi tudu su mutu. Saboda haka ake rufe gaɓar da dare a wannan lokaci, ba a shiga sai tare da masu kula da su. Zuwanku ya dace da tsakiyar lokacin ƙwai. Zama ne na awoyi cikin duhu ba hayaniya, kuma ba a yi wa kowa alkawarin zai gani ba, amma yaron da ya ga wannan halitta ta fito daga teku tana jan jiki ba zai manta ba. Da rana ana wanka a Alagadi, sai dai arewa take kallo, kuma da yamma ruwanta yana ja.

Kudu, ga mai shiga ta Larnaka ko Fafos

Ko da ba a wannan tafiyar ba, ga yadda nake ganin wuraren da ke cikin hotunan. Nissi a Ayia Napa tana da ɗan tsibiri da ake takawa cikin ruwa a isa, kyanta gaskiya ne, amma cibiyar holewar matasan Turai ce, ba wurinku ba ce. Makronissos da ke kusa da ita ta fi natsuwa. Fig Tree Bay a Protaras ta dace da yara, sai dai cike take tun hantsi. Wadda na fi so ita ce Konnos, ɗan lungu ne a gindin tudu mai itatuwa kusa da Cape Greco, iska ba ta samunsa, ruwansa kusan kullum a kwance.

A yamma labarin daban ne. Dutsen Petra tou Romiou, da tatsuniyar Girkawan dā ta shahara da shi, wurin hoto ne kawai, tsakuwa ce kuma ruwan da ƙarfi. Gaɓar da ke arewa da Fafos an san ta da jan ruwa mai halaka mutane, in ban da lunguna irin su Coral Bay. Lara da ke yankin Akamas ita ce takwarar Golden Beach, wurin kunkuru da ake karewa tun 1978, hanyarta ta ƙasa ce. Blue Lagoon kuwa a jirgin ruwa ake zuwa daga Latchi, kuma daga jirgi ake faɗawa ruwa mai zurfi, ba ta wanda bai iya iyo ba ce.

Abin da na fi so Musulmi ya sani a kudu ba bakin teku ba ne. A gefen tafkin gishirin Larnaka akwai masallacin Hala Sultan, inda ake jingina kabarin Ummu Haram bint Milhan, Allah ya ƙara mata yarda, sahabiyar da ta fita tare da mijinta Ubada ibn Samit a yaƙin teku na farko zuwa Ƙubrus, wato wannan tsibiri, a zamanin halifancin Sayyidina Usman.

Ruwa, sutura da abinci

Kada ki shiga teku da abaya ko zane ko dogon hijabi. Suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafa, kuma igiya ƙarama ta isa ta kayar da mace a inda ruwa bai kai ƙugu ba. Ku nemi rigar iyo mai rufe jiki duka, wadda ake kira burkini. Ana samunta a shagunan Turkiyya da na arewacin tsibirin, kuma ban taɓa ganin an hana mace shiga ruwa da ita a gaɓar jama'a ba. Mutanen arewa Musulmi ne amma yawancinsu shigar Turawa suke yi a bakin teku, kuma babu ruwan kowa da kowa.

Yaran su sa rigar ceto ta gaske, mai ɗauri a ƙirji. Balan-balan ɗin roba da ake hawa kai ya fi komai ba ni tsoro a gaɓar gabas, domin iskar da ke tahowa daga yamma, wadda ke kwantar da ruwan, daga tudu take busowa, kuma a hankali take tura yaro cikin teku ba tare da kowa ya lura ba. Inda akwai masu ceto, jar tuta na nufin kada a shiga. In ruwa ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi, ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu, kuma wanda bai iya iyo ba kada ya bi shi ciki. A yi ihu, a jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, a kira 112. Kada ku ɗora wa ɗalibar nauyin mutum huɗu don ta iya iyo. Iya iyo daban, ceton wanda ke nutsewa daban. A wuraren duwatsu akwai wata baƙar halitta mai ƙaya da ke karyewa cikin tafin ƙafa, takalmin roba ne maganinta. Baƙar fata ma tana ƙonewa a wannan rana, musamman kafaɗa da hanci, a shafa wa yara man kariya.

Abinci a arewa ba zai ba ku wahala ba: kifi, naman rago, kaza, da cukun hellim da ake gasawa. A kudu tsiren da ake kira souvlaki yawanci naman alade ne, sai an tambaya.

Iyakar abin da zan iya tsaya miki a kai ke nan. Kuɗin shiga da na haya suna canzawa, musamman da yadda lira ke faɗuwa, don haka 'yarki za ta fi ni ba ki farashin yau, kuma maganar biza ku ji ta daga bakin hukumar da za ta ba ku. Ki kuma sani ni mai son wurin da babu mutane ne. Wanda ya fi son shago da bayan gida da mai ceto kusa da shi zai iya fifita Long Beach a kan Karpaz, kuma bai yi kuskure ba.

Da ni zan tsara makon, safiya biyu ko uku a Glapsides da Salamis kafin hidimar biki ta kama, wuni guda a Girne a haɗa da daren Alagadi, sannan kwana ɗaya a Karpaz bayan an gama bikin, lokacin da yaran sun saba da ruwa kuma kin san iyakar kowannensu. Ki sa 'yarki ta nema muku gurbin kallon kunkuru da ɗakin Dipkarpaz tun yanzu, domin mutane kaɗan ake ɗauka kowane dare, ɗakunan ƙauyen ma ba su da yawa.